Wutsiyar Ɓeran Isikeli

Idan ana jerin mutanen da Allah ya yi wa hannu mai rawa a tsibirin Kadavu, to Isikeli na ƙauyen Nukuvula ne zai riƙe tuta, kuma tutar sai ta kaɗa ko babu iska. Ba ciwo ba ne, ba kuma tsufa ba, don a lokacin da ake wannan magana bai fi shekara arba'in da 'yan kai ba. Makaranta ya bar ta a aji huɗu, shi da malamin suka rabu kowa yana murna. Daga nan ya faɗa ɗakin injin wani jirgi mai kwasar busasshiyar kwakwa daga tsibiri zuwa tsibiri. Shekara goma sha ɗaya yana zuba mai yana goge mai, injin yana kakkarwa shi ma yana taya shi. Ranar da ya ajiye aikin, injin ya zauna a jirgi, kakkarwar kuwa ta biyo shi gida. In aka miƙa masa ƙoƙon yangona, abin shan gargajiyar da ake damawa da dakakkiyar saiwa, rabi ne ke isa baki, rabi tabarma ke shanyewa.

To mutum irin wannan, cikin duk sana'o'in duniya, wacce ya zaɓa? Ɗaukar hoto.

Kyamarar a wurin wani kukun jirgi ɗan New Zealand ya same ta, musaya suka yi da tabarmi biyu masu kyau waɗanda uwarsa ta saƙa masa don ranar aurensa. Wata baƙar aba ce mai ido biyu, ɗaya a kan ɗaya, ana leƙa ta ta sama kamar mai duba ruwa a rijiya. Hoto goma sha biyu take ɗauka, ta ce ta ƙoshi. Fitilar walƙiyarta tun a jirgi ta faɗa teku. In fim ya cika, sai a naɗe shi a ba jirgin da ke zuwa Suva, babban birni, can wani Ba'indiye mai suna Shiu Narayan ya wanke, bayan mako uku ambulan ta dawo.

Gaskiya dai a faɗe ta: a rana, Isikeli gwani ne. In haske ya wadata, idon kyamara buɗewa yake ya rufe kafin hannun ya tuna da rawarsa. 'Yan ƙwallon zari-ruga a fili, mata da kifin da suka kamo, ango da amarya a ƙarƙashin bishiya, duk tas suke fitowa, har a ƙirga haƙoran mutum. Amma da zarar an shiga ɗaki, shi ke nan. A duhu dole idon ya daɗe a buɗe yana tara haske, rabin daƙiƙa, wani lokaci daƙiƙa guda cur, kuma daƙiƙa guda a hannun Isikeli tafiya ce mai nisa. Ya taɓa ɗaukar mawaƙan coci a cikin coci. Mutum talatin suka tsaya, kai sittin ya fito. Ya ɗauki wani jariri ranar da aka yi masa baftisma, uwar ta daɗe tana juya hoton kafin ta ce, "To ga gwandar na gani, ina yaron?"

Wanda ya fi kowa jin daɗin wannan al'amari shi ne Nemani, ɗan kawun Isikeli, wato tavale ɗinsa, taubashin da al'ada ta sakar wa baki ya faɗi abin da ya ga dama. Ƙato ne, in ya zauna a kwale-kwale sai an nemo mutum biyu su zauna a ɗaya gefen.

"Tavale," in ji shi, "ka ɗauke ni mana. Amma ka fito da ni mutum uku kamar yadda ka saba, in tura biyu gona ni in kwanta."

"Kai ko a rana aka ɗauke ka ai sai an haɗa fim biyu," in ji Isikeli.

Haka suke tun suna yawo babu wando.

Ana nan sai dattawa suka tsayar da ranar naɗin sabon sarkin gari, Ratu Ilaitia. Tsohon sarki ya rasu bai bar hoto ko ɗaya ba, jikokinsa sai dai a nuna musu wani kawunsu a ce, "Kamar wannan yake, amma ya fi shi hankali." Dattawa suka ce wannan karon ba za a sake ba. Ana son hoton Ratu a ranar da ya sha ƙoƙon sarauta, da ƙyallen ɓawon itace ɗaure a damtsensa, a cikin babban ɗakin gari. Kuma a ciki za a yi, don sarki ba ya fitowa waje sai ya kwana huɗu, in ya fito kuma an kwance ƙyallen, an wuce wurin. Ɗakin nan kuwa rufin ciyawa ne, ba taga, ƙofofinsa gajeru. Da tsakar rana in ka shiga sai ka yi sallama da murya don kada ka zauna a kan wani.

Nemani ya ɗaga hannu a taron ya ce a ɗauko Narayan daga Suva da fitilunsa, "don kada jikoki su zo suna tambaya ko sarakuna uku aka naɗa rana ɗaya."

Aka yi dariya, amma Momo Manoa bai yi ba. Shi ne bakin sarki, shi ke magana a madadinsa, shi ke faɗin wa zai zauna ina, kuma tun da aka haife shi ba a taɓa kama shi yana murmushi a bakin aiki ba. Ya ce baƙo ba zai shiga ɗakin naɗi yana miƙe-miƙe yana haska wa sarki fitila a ido ba. Ɗan gari zai ɗauka. Sannan ya juyo ya dubi Isikeli.

"Naɗi sau ɗaya ake yi. In ka kawo mana fatalwa, kyamarar nan ba za ta ƙara shiga taron garin nan ba, ko na rana ko na inuwa. Ka ji?"

"Na ji, Momo."

Ya ji kam. Wata biyu da 'yan kwanaki suka rage. Da jirgi ya zo ya bi shi zuwa Suva, ya hau benen da shagon Narayan yake, ya zube masa damuwarsa.

Narayan siririn mutum ne mai tabarau a goshi, wanda ya shekara biyar yana wanke fatalwowin Nukuvula bai taɓa cewa uffan ba. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata 'yar waya mai laushi, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Baki ɗaya ana murɗa shi a cikin maɓallin kyamara, ɗaya bakin yana da ɗan abin latsawa kamar na allurar asibiti.

"Ka ga wannan? In ka latsa nan, can ne zai latsu. Yatsanka ba ya taɓa kyamara. Yawancin girgizar da kake gani a hoton duhu, lokacin latsawar nan ake yin ta."

"Boso," in ji Isikeli, wato maigida, "kana nufin wannan 'yar abar ce maganin?"

"Tana taimakawa, amma ka saurara, sai ka fara..."

Jirgi ya yi ƙugi daga tasha. Isikeli ya biya, ya cusa wayar a aljihu, ya sauko bene da gudu yana "Na gane, Boso, na gane!" Bai gane komai ba.

A Nukuvula, kafin ya gama kwance kaya labari ya zaga. Nemani ya zo ya ɗaga wayar da yatsu biyu, ya shinshina.

"Tavale, har Suva ka je sayen wutsiyar ɓera? Da ka faɗa mini, ga su nan a rumbun kwakwa kyauta, har da ɓeran a jiki."

Sunan da ya bi ta ke nan. Isikeli bai kula ba. Ya sa fim sabo, ya zaunar da matarsa Salanieta a cikin ɗakinsu don gwaji. Sai ya riƙe kyamara a hannun hagu, ya riƙe wutsiya a hannun dama, ya miƙe tsaye yana latsawa. Wato kyamarar da a da hannu biyu ke fama da ita, yanzu ya bar wa hannu ɗaya, kuma hagun, wanda ya fi iya rawa.

"Keli," in ji Salanieta, "ni fa ina ganin abin nan yana lilo kamar kwale-kwale."

"Ke zauna shiru. Wannan ilimi ne, ba ki san shi ba."

"To. Ni dai kifina yana kan wuta."

Bayan mako uku ambulan ta dawo. Salanieta ta fito kamar hayaƙin da ya ɗaura zane. A ɗaya hoton ma rufin ɗaki ne kawai da rabin kunne. A bayan ambulan Narayan ya yi rubutu da manyan baƙaƙe, ya ja layi biyu a ƙasa: *Wayar ba ta riƙe kyamara. Ka ɗora ta a kan abin da ba ya numfashi, sannan ka latsa. Wanda ake ɗauka shi ma kada ya motsa.*

Salanieta ta karanta, ta ninke, ta miƙa masa. "Ilimin ne ya iso?"

Babu sauran lokacin wani gwajin, kuma fim ɗaya tak ya rage masa. Ya shiga fadamar bakin teku ya saro sanduna uku miƙaƙƙu, ya ɗaure kansu da igiyar ɓawon kwakwa, ya kafa ɗan katako a sama. Ƙafa uku ta tsaya daram, tsayinta ya kai masa ƙirji. Ya yi ta gwada latsawa babu fim, kyamara ko gezau. Har ya kira Nemani ya ce ya hura ta da baki. Nemani ya hura har ya ga jiri, ba ta motsa ba. A makon nan Isikeli da ƙirji yake tafiya.

Ranar naɗi, tun da hantsi hayaƙin abincin da ake gasawa a rami ya rufe gari. Maza suka cika babban ɗaki, kowa ya tanƙwashe ƙafa a inda matsayinsa ya ajiye shi. Ratu Ilaitia yana can ƙurya ta sama, dattijo ne mai furfura, ba shi da yawan magana, kuma ba dogo ba ne. A zaune ma sai ya ƙara gajarta. Isikeli ya shigo da rarrafe yana jan ƙafa ukunsa, yana "Tulou, tulou," wato gafara dai, a bayan kowa. Ya kafa ta, ya ɗora kyamara, ya murɗa wutsiya.

"Wannan mene ne?" in ji Momo Manoa, ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Ƙafar kyamara ce, Momo."

"Tsaye take."

"E, ai tsayuwar ce aikinta."

"A gaban Ratu? Kai ka taɓa ganin wanda ya tsaya a ɗakin nan sarki yana zaune? Dubi inda kanta yake, dubi inda kan Ratu yake."

"Momo, ai ba mutum ba ce, ba ta da kai."

"Tana da ido biyu. Abin da ke da ido yana da kai. Ta zauna ko ta fita."

Nemani, daga inda yake, ya ce a hankali yadda kowa zai ji, "A yi mata uzuri, Momo, 'yar Suva ce, ba ta da tarbiyya."

Kafaɗu suka yi ta rawa a ɗakin, ba mai ikon yin dariya da sauti. Aka fitar da ƙafa uku ta ƙofar baya kamar wanda ya sha ya bugu. Salanieta, da ke waje cikin mata, ta ga an jefo aikin mako guda a kan ciyawa. Ta je ta juye biskit ɗin da ke cikin babban gwangwani a faranti, ta turo gwangwanin ta ƙofa. Isikeli ya kife shi a kan tabarma, ya ɗora kyamara. Momo Manoa ya sunkuya ya auna da ido: kan kyamara bai kai haɓar Ratu ba. Ya gyaɗa kai.

Gwangwani dai ba ya numfashi, wannan an cika sharaɗi. Abin da Narayan bai sani ba, don shi a kan siminti yake aiki, shi ne daɓen ɗakin. Busasshiyar ciyawa ce aka shimfiɗa mai kauri, aka jera tabarmi hawa-hawa a kai, taushi kamar katifa. In mutum ya gyara zama a wannan bango, sai na wancan bangon ya ji a cinyarsa. Ga maza arba'in, kuma ba irin waɗanda ake ɗauka da hannu ɗaya ba. Isikeli ya leƙa ta sama ya ga Ratu a cikin gilashi yana hawa yana sauka a hankali, kamar yana cikin jirgi.

Aka dama yangona. Mai kai ƙoƙo ya taso da takunsa na al'ada, kowane taki sai gwangwani ya amsa. Aka ɗaura wa Ratu ƙyalle a damtse, ya karɓi ƙoƙo ya kafa kai. Isikeli ya ce a ransa, yanzu ne. Ya latsa. A daidai nan Ratu ya sauke ƙoƙo, maza arba'in suka tafa tafin girmamawa, irin mai zurfin nan da ake yi da tafin hannu a dunƙule, bum, bum, bum. Gwangwani ya yi tsalle uku, shi ma ya yi mubaya'a.

Ɗaya ya tafi.

Ya murɗa fim, ya matsa kusa da Momo Manoa da gwiwa, ya raɗa masa cewa a roƙi jama'a su daskare na daƙiƙa ɗaya. Momo Manoa ya sanar da haka cikin doguwar magana mai kyau, ya ambaci kakanni, ya ambaci jikoki. Kowa ya daskare. Isikeli ya ce, "Ratu, da izininka." Ratu ya gyaɗa kai. To sarki ya ba da izini, me ake yi? Tafi. Bum, bum, bum, daidai kan latsawa.

Biyu.

Na uku, bai nemi izini ba, Momo Manoa ya harare shi har sai da hannunsa ya fizgi wutsiyar, kyamara ta juya ta ɗauki ginshiƙi. Na huɗu, wani tsoho ya yi tari. Na biyar, Nemani ya ɗaga ɗuwawu ɗaya don ƙafarsa ta mutu, ɗakin gaba ɗaya ya karkata. Na shida da na bakwai, gwiwar Isikeli ce da kanta, don wutsiyar gajeriya ce, dole ya durƙusa dab da gwangwani, kuma yau rawar ta sauko daga hannu ta shiga ƙafa. Ya cire gwiwar ya kwanta rub da ciki. Na takwas ƙuda ya sauka a hancin Ratu. Haka dai, haka dai, har lamba ta nuna goma sha biyu. Guda ɗaya ya rage. Ya murɗa, ya saita, ya ɗana, ya zauna riƙe da wutsiya bai san abin da yake jira ba.

Sai Momo Manoa ya ce talatala, wato fasto, zai yi addu'a.

Faston Nukuvula mutumin kirki ne, amma in ya kama addu'a ba ya sakinta da wuri. Yakan faro daga halittar duniya ya biyo a hankali. Yara sukan yi tsayi kafin ya kai Amin. Ya matso gefen Ratu ya durƙusa, ya ɗaga hannu ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai ya rufe ido. Isikeli ma ya rufe nasa, ya haɗa hannuwa a cinya, wutsiya tana tsakaninsu.

Can da addu'a ta kai tsallake Jan Teku, sai ya lura da wani abu. Tabarma ta yi shiru. Babu tafi, babu tari, babu mai gyara zama. Tun safe bai ji ƙasa ta tsaya cak haka ba. Maza arba'in sun zama duwatsu, wasunsu don tsoron Allah, wasunsu don barci ya fara ɗibarsu. Zuciyarsa ta ce, Keli, ka ji abin da na ji? Ya ce mata, rufe mini baki, addu'a ake yi. Ta ce, ai ba sai ka buɗe ido ba, ba sai ka taɓa kyamara ba, babban yatsa kawai. Ya ce, kowa kansa a ƙasa yake, hoton ƙeya zan kai wa dattawa? Ta ce, ƙeyar da ta fito tas ta fi fuskar da ta zama hayaƙi.

Babban yatsan ya rarrafa da kansa. Ƙis. Daƙiƙa guda. Ƙis. Ƙarar ba ta fi ta ƙwaro ba, kuma talatala yana tsakiyar rushe ganuwar Yariko, ba wanda ya ji.

Mako ukun da suka biyo baya, Isikeli ya rame. In ya hango Momo Manoa sai ya tuna yana da aiki a gonar rogo. Nemani kullum sai ya biyo ta ƙofar gidansa ya tambaya ko fatalwowi sun iso, ya ce a ajiye masa guda ɗaya mai ƙiba.

Ranar da jirgi ya zo, Isikeli ya kai ambulan bayan gida, shi da Salanieta suka buɗe. Na ɗaya hayaƙi. Na biyu hayaƙi mai hannuwa da yawa. Ginshiƙi kuwa ya fito ba laifi. Suka yi ta ajiyewa a kan ciyawa har goma sha ɗaya. Salanieta ta zaro na ƙarshe, ta kai shi kusa da ido.

"Keli. Zo ka gani."

Tas. Kowane zare na tabarma ana ganinsa. Haske ya shigo ta gajeriyar ƙofa ya kwanta a kan ƙyallen damtse. Kawuna a sunkuye hagu da dama kamar an jera kwakwa. A tsakiyarsu ga Ratu Ilaitia, zaune miƙe, ƙirji a buɗe, kai a sama, ido biyu tar a kan kyamara. Ko a Suva ba a taɓa yin hoton sarki irin wannan ba.

Sai dai a gefensa ga talatala, ido a rufe gam, baki a buɗe, hannu a sama.

"Kai," in ji Salanieta. "Lokacin addu'a ka ɗauka?"

"Yatsana ne."

"Shi kuma Ratu idonsa biyu. Ka tona kanka, ka tona sarki, a takarda ɗaya."

"A sa almakashi a yanke talatala."

"Hannun da ya ɗaga a saman kafaɗar Ratu yake. Ka yanke fasto ka bar hannu yana yawo shi kaɗai? Ƙeyoyin nan arba'in fa, su ma yanke su za ka yi?"

Ya kwana biyu yana juya abin. In ya ɓoye, ya kawo fatalwa, kyamara ta mutu. In ya nuna, ya kunyata sarki a gaban fasto. A rana ta uku ya tono saiwar yangona mafi girma a gonarsa, ya ɗaure ta da kyau, ya sa hoton a cikin Littafi Mai Tsarki don kada ya lanƙwashe, ya nufi babban ɗaki neman gafara. Labari ya riga shi, ɗakin ya cika. Ya shiga da rarrafe, ya ajiye saiwa, ya faɗi laifinsa kai a ƙasa, ya tura hoton.

Momo Manoa ya ɗauka, ya duba, fuskarsa ta ƙara tsawo. Ya miƙa wa Ratu. Ratu ya daɗe yana kallo, ya miƙa wa talatala.

"Isikeli!" in ji talatala. "Ina gaban Ubangiji ina roƙa wa garin nan albarka, kai kana leƙen akwati? Ido buɗe a cikin addu'a?"

"Talatala, na rantse idona a rufe yake. Wayar ce. Ba sai an duba ba, ba sai an taɓa ba."

"Wa zai shaide ka? Kowa idonsa a rufe!"

"Ni," in ji Ratu.

Kowa ya juya ya dubi Ratu.

"A rufe yake. Ya matse shi kamar ɗan kwikwiyon da aka haifa jiya. Na gan shi."

Talatala ya dubi hoton, ya dubi Ratu. Nemani ya cusa zanensa a baki, hawaye na zuba, jikinsa na girgiza har tabarma ta kai saƙon bango zuwa bango. Momo Manoa ya yi gyaran murya. Shekara talatin yana wannan aiki, bai taɓa barin sarki a cikin rami ba.

"Jama'a," in ji shi, "in gari ya rufe ido gaba ɗaya, dole a sami mai gadi. Ratu ba leƙe yake ba. Tsaron mutanensa yake."

Bum, bum, bum. Har talatala sai da ya tafa, ko da yake nasa bai yi ƙara ba.

Ratu ya karɓi saiwar, ya ce a dama. Ya ce a sa hoton a gilashi a rataye a ginshiƙin tsakiya, kuma kyamarar Isikeli 'yar gari ce, ta shiga duk taron da ta so, muddin a zaune. Da aka fara zagaya ƙoƙo hayaniya ta tashi, sai ya yafito Isikeli da yatsa. Isikeli ya matso da gwiwa.

"Tun daga Jan Teku nake kallon yatsan nan naka," in ji Ratu ƙasa-ƙasa. "Ya je ya dawo, ya je ya dawo. Na miƙe wuya, na riƙe numfashi, har na fara ganin taurari. Da ka ƙara jinkiri kaɗan da sabon naɗi za ku yi."

Talatala dai bai huce a ranar ba. Ya ce shi ma sai an ɗauke shi a cikin coci, da idonsa a buɗe, don jikokinsa su san yana da su. Isikeli ya kai gwangwani da wutsiya ya kafa a kan daɓen siminti, hoto ya fito tas, fasto ya huce. Amma gidajen Nukuvula duk ciyawa ce a ƙarƙashin tabarma, kuma mutanen Nukuvula ba su san wata hanyar zama shiru ba sai guda ɗaya. Don haka duk mai son hoto a cikin ɗaki, suna ne ko baiko, sai ya aika a kira mutum biyu, mai hoto da fasto. Fasto ya ɗaga hannu, dangi su sunkuya, wanda ake ɗauka ya miƙe wuya ya zaro ido. Talatala ya sa sharaɗi ɗaya, ba a latsawa sai addu'arsa ta wuce Musa.